Su Wa?

Ina da jikoki na shiga lakwal ɗin manya. Wanda ya koya mana karatu malamin jami'a ne, ya zo Agadas binciken tsofaffin kalmomi. Mushe muke ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane malamin lakwal. Abu ɗaya ya tsana: ka rubuta "su" ba ka faɗi mutanen ba. Sai ya zagaye kalmar da jan bik, ya rubuta a gefe: su wa? Kayena, littafin rubutuna, cike yake da waɗannan jajayen zobba.

Tuwo nake sayarwa matafiya masu jiran motar Dirku, matansu kan kwana a zaurena. Kowa ya sani.

Bayan shekaru muryarsa ta dawo garin, cikin salula. Cewa yake: mu ƴan asali, su baƙi. Su ne suka ɓata gari, su da masu ciyar da su. Wata rana da azahar na ratsa lungunmu, ba kowa a waje, muryar tana fitowa daga kowane gida, jimla ɗaya. Wani gidan ya riga wani, kamar tana bina a baya.

Da na ji ya zo gari, na ɗauki kayen na same shi a masaukinsa. Ya yi ƙiba. Ya gaishe ni da Hajiya, ni da ban taɓa zuwa Makka ba, na gane bai shaida ni ba. Na buɗe kayen a gabansa.

"Mushe, su wa?"

Ya daɗe yana kallon jan rubutun kamar na wani mamaci. Ya ce shekaru ya yi yana rubuta littattafai, gara ce kaɗai ta karanta. Yanzu ko tari ya yi, ana turawa har Segedin. Na ce ba shi na tambaya ba. Ina cikin su ko ba na ciki?

Sai salular wani a tsakar gida ta fara magana da muryarsa, tana cewa mun san gidajensu. Bai ko waiwaya ba.

Da na koma na tarar an rubuta SU da gawayi a ƙofata. Da can da na wuce ban san an zage ni ba. Shi ya koya mini karantawa.

Ban goge ba. Na samo jar ƙasa na zagaye kalmar, na rubuta tambayar a gefe. Tana nan har yau. Masu wucewa sukan rage murya.