Ranar da Na Kira Fitilun Hajiya Zenabu Jabu

Ban taɓa mantawa da wata Laraba, sati biyu kafin azumi, da na ɓata sunan wata baiwar Allah da bakina ba. Lokacin na shekara tara ina aiki a shagon gyaran lantarki na Masta Iddi a unguwar Alabar, kaina ya kumbura, ba na jin gyara.

Alhaji Sule na kwamitin masallacinmu ya kawo sandunan fitilar LED da ya saya wajen Hajiya Zenabu, mai shago a unguwar Sofoline, ya ce in gwada. Kowace sanda ƙwai goma sha biyu ne a jere. Ƙa'ida ita ce a sa injin gwaji ya tura musu wuta tsayayya mai ƙarfin miliam 350, a ga haskensu. Na saita, na jona. Mita ta nuna miliam ashirin, ƙwayayen suka yi dushi-dushi.

"Alaji, jabu ne," na ce. "Ko kyauta kar ka karɓa."

Alhaji ya wuce Sofoline, ya zazzage wa Hajiya kwalin fitilun a ƙofar shago, jama'a na kallo.

Da Masta ya dawo daga Bantama na ba shi labari ina taƙama. Ya duba injin, ya ɓare baƙin tef da na liƙa a kan wata 'yar jar fitila ta jikinsa don ƙyaftawarta na damuna.

"Injiniya," in ji shi, sunan da yake kirana in zai yanka ni, "ƙwai ɗaya volt nawa yake ci?"

"Uku, Masta."

"Sau goma sha biyu?"

"Talatin da shida."

"Injin naka a nawa yake tsayawa?"

"A talatin," na ce. Injin yakan yi ta ƙara volt har wutar da ka nema ta ratsa. In ya kai iyakarsa sai ya tsaya, wuta ta ragu, jar fitila ta kama.

"Shi ya ce ya gaza, kai ka toshe masa baki," in ji Masta. Ya jona ƙwai shida kawai, haske ya kashe mana ido.

Ni da Alhaji muka koma Sofoline. Na fara ba da haƙuri ƙasa-ƙasa.

"Yoo, Malam mai injin," in ji Hajiya. "Da ihu aka zage ni. Ɗaga murya, mai tumatir can ba ta ji ba."

Na ɗaga, har sau uku.

Ku na baya, kafin ku ce kayan wani jabu ne, ku duba ko injinku ne ya kai ƙarshen ƙarfinsa. Injin yakan faɗi iyakarsa. Mu masu gyara ne ba ma faɗin tamu.