Goro Bakwai da Malam Datti Ya Kai Sentul

Na zo Kuala Lumpur a watan Fabrairu na 2020 don in yi wa autata Mubina wankan jego. Niyyata in an yi arba'in in ƙara sati biyu in huta, in koma Kano. Ba a kai arba'in ɗin ba aka rufe ƙasa saboda korona. Sai ga ni a hawa na sha bakwai a Bukit Jalil, ina jan carbi ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa ba kowa a ciki. Shekara biyu da rabi na yi. A nan na san Malam Datti, kuma labarinsa zan rubuta, don Mubina ta ce ta gaji da jinsa a baki.

Ƙofarsa tana kallon tamu. Mutumin Gwarzo ne, malamin tarihi a wata kwalejin horar da malamai, aka turo shi karatun dakta. A lokacin shekararsa arba'in da ɗaya, dogo, siriri, in zai shiga lif sai ya ɗan sunkuya ko da ba abin da zai buge shi. Matarsa Habiba da 'ya'ya uku suna gida. Mahaifinsa tela ne, a shagon ya tashi, inda dattawa ke zaman hira, aikin yaro shi ne ya miƙa almakashi ya ja bakinsa. Da wannan ya girma. In wanda ya girme shi yana magana, Malam Datti ba ya shiga, sai an gama, sai kuma ya ɗan jira ko akwai saura.

Lokacin da kulle ya yi tsanani, Mubina kan zuba masa tuwo a roba ta rataye a hannun ƙofarsa, irin ƙunshin nan da suke cewa tapau. Ta bayan ƙofa yake gaishe ni. "Inna, an tashi lafiya? Ya baƙunta? Ya kewar gida?" Kafin ya gama miyar ta huce.

Da aka sassauta ya fara shigowa wurin surukina. Wata rana ya zo da kwali a hammata ya shimfiɗa a tebur. Na leƙa daga inda nake zaune, na ga zanen hanya da koguna, da murafen kwalba masu fenti, da 'yan katuna, da ɗan lido biyu. Ɗan lidon ne ya tsaya mini a rai.

Na ce, "Malam, da girmanka? Ba caca ba ce wannan?"

Ya ce, "Wallahi Inna ba a sa ko sisi. Labari ne ake yi, kowa ya zama wani."

Ya ba ni asalin abin. Shekarar da ya zo, ruwan sama ya kore shi cikin wani kedai, wato shago, a saman bene. Ya tarar da manyan mutane, har da masu furfura, sun kewaye tebur suna tura 'yan sojojin roba, suna auna tazara da tef irin na babansa. Wasu a gefe suna zaune da takardu, ɗaya yana ba da labari, sauran kowa yana faɗin abin da zai yi in shi ne a ciki. Ya koma sati na gaba, da na gabansa. Abin da ya dame shi, duk yaƙe-yaƙen da tafiye-tafiyen na wasu ne, bai ga namu ko ɗaya ba. Shi ne ya zauna ya ƙirƙiro nasa, na fataken goro daga Kano zuwa Gwanja da dawowa. Wani ya zama madugu, wani jagaba, wani mai jakuna. Murafen kwalbar su ne jakunan, don ya ce ba zai ajiye mutum-mutumi a ɗakin da yake salla ba. Wannan ta ɗan kwantar mini da hankali.

Na yi kallo har suka kai ayari gida. Sai na ce, "Yanzu duk tafiyar nan ba a kwance huhun goron ba?"

Ya juyo. "Na'am, Inna?"

Marigayi maigidana goro ya sayar har Allah ya karɓi ransa. Shekara talatin ina zaɓen goro a tsakar gida. Na gaya masa goro ba gishiri ba ne da za a ɗaure a manta. Bayan 'yan kwanaki dole a kwance, a tsince mai sankara, a canja ganyen da ya bushe, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Wanda ya yi gaggawa ya ƙi tsayawa, ƙwaya ɗaya sai ta cinye masa huhu. Ya ɗauko biro yana rubutawa kamar ina karatu a masallaci. Sati biyu bayan nan ya kawo sabon kati, an rubuta sankara a jiki.

Masu wannan wasa suna da taro duk shekara. Ban da teburan wasa, akwai ɗaki da ake zaman bayani, suna cewa semina. Wani lokaci mutum ɗaya ne zai yi magana, wani lokaci a jera huɗu da mai jan ragama, wannan shi ne fanel. Wanda ya kawo sabon wasa ya yi bayaninsa mutane suka nuna sha'awa, sai a ba shi tebur a gwada. In ba a ji ka ba, ba tebur. Abin da Malam Datti yake nema ke nan, tebur ɗaya da mutum shida baƙi waɗanda ba kunyarsa za su ji ba.

A waccan shekara ta kwamfuta aka yi taron. Aka sa shi a fanel na masu wasannin tarihi. A falonmu ya zauna don intanet ɗinmu ya fi ƙarfi, ya sa farar shadda da hula. Ni da Mubina muna gefe, tana fassara mini a hankali. Mai jan ragamar wata 'yar Sin ce, Siew Fong. Ta ce musu kowa ya ji yana da abin faɗi ya shigo kawai, kada ya jira.

A cikinsu akwai wani dattijo Ba'indiye daga Brickfields, Mista Selvam, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya haura saba'in. Mutumin kirki ne, amma Allah ya hore masa baki. Ya ɗauko yaƙin wasu jiragen ruwa, daga nan ya shiga yadda ake fentin igwa, ya koma wani taro da aka yi tun kafin a haifi Mubina. Sauran biyun samari ne, da ya ja numfashi sai su faɗo. Malam Datti yana ta gyaɗa kai. Sau uku na ga ya buɗe baki, dattijon ya ci gaba, ya rufe. Saura minti biyu Siew Fong ta kira sunansa. Ya fara da godiya ga Allah, ya gaida ita, ya gaida dattijon, ya gaida masu shiri da masu kallo, ya yi wa marasa lafiya addu'a. Yana cewa "wasan nawa" lokaci ya cika.

Da ya rufe kwamfutar surukina ya ce, "Haba Malam! Awa guda ka yi kana gyaɗa kai kamar ƙadangare a kan katanga."

Ya ce, "To in katse sa'an mahaifina?"

"An ce ka shigo!"

"Ita ta ce. Shi bai ce ba."

Ya cire hular ya naɗe kwalinsa. Bai ci abincin da aka zuba masa ba.

Shekarar da ta biyo ba a yi taron ba sam, cutar ta yi tsanani. Mutum biyu a benenmu suka rasu. Malam Datti ya duƙufa kan karatunsa, ya rame, mahaifiyarsa ta yi jinya a gida bai samu zuwa ba, Allah ya ba ta lafiya. Kwalin yana bayan firij ɗinsa. Wani lokaci ranar Asabar da hantsi yakan fito da shi su buga da surukina, amma mutum biyu ba ayari ba ne.

A 2022 aka buɗe ƙasa. Ya gama karatu, an sa masa ranar komawa a watan Agusta. Sai ga saƙo za a yi taron a watan Yuni, ido da ido, a wani zaure a Sentul, kuma an sake sa shi a fanel. Ya shigo ya nuna mana jerin sunayen. Na biyu Mista Selvam.

Mubina ta ce, "Wannan karon Malam ka rufe ido ka afka."

Ya yi murmushi. Na san ba zai yi ba. Ni ma ba zan ce masa ya yi ba, don ba haka aka rene mu ba. Amma na san in wannan ta wuce shi ke nan, kwalin zai koma Gwarzo ba wanda ya taɓa shi.

Na kwana biyu ina tunani, sai na tuna yadda maigidana yake yi in yana da magana a gaban manyan 'yan kasuwa. Ba ya cewa a saurare shi. Goro yake ajiyewa a gaban babba, irin wanda ba a saba gani ba, ya koma ya zauna. Babba zai juya shi ya ce, wannan daga ina? To an tambaye ka. Wanda babba ya tambaya, amsa ta zama dole, ba rashin kunya ba ce.

Na gaya wa Malam Datti. Ya ce, "Inna, in bai tambaya ba fa?"

Na ce, "Mutumin da ya yi awa guda a kan fentin igwa?"

Ya samo goro ashirin a wani shagon 'yan Afirka. Na zauna na zaɓa. Yawanci sun sha wahala, wasu sun yi taushi, huɗu da sankara. Bakwai na fitar, fari uku ja huɗu. Babu ganyen da muka saba, sai na sa Mubina ta karɓo ganyen ayaba wurin masu abincin Indiyawa, na jiƙa, na naɗe kowanne daban saboda halin da ake ciki, kada a ce hannu ya taɓa.

Ranar taron ni da Mubina muka bi shi. Ita ce fitata mafi nisa tun zuwana. A ƙofa aka fesa mana magani a hannu, kowa da takunkumi. Zauren cike da tebura, ga duwatsun kwali da 'yan bishiyoyi, manya sun duƙa a kai kamar masu tsintar shinkafa. Ɗakin bayanin ƙarami ne, kujeru kamar talatin an rarraba su. Muka zauna a baya.

Aka fara, Mista Selvam ya karɓa. Ya ƙara tsufa, amma bakin yana nan. Minti goma, sha biyar. Na ga ƙunshin a gaban Malam Datti, hannunsa a kai, bai motsa ba. Ashirin. Mubina ta ce, "Umma, ya fasa." Na ce ta yi shiru. Sai dattijon ya tsaya ya sauke takunkumi zai sha ruwa. Malam Datti ya tashi, ya ɗan rusuna, ya ajiye masa ɗaya da hannu biyu, ya ba Siew Fong da ke jan ragama a wannan karon ma, ya ba sauran biyun, ya koma ya zauna.

Dattijon ya warware ganyen, ya juya goron, ya shinshina. Su ma suna da wani abu da suke taunawa a ganye, ina jin shi ya ɗauka. Ya gatsa babba. Na ga fuskarsa ta tattare wuri ɗaya. Ɗakin ya fashe da dariya. Ya kurɓi ruwa, ya tsaya, ya sake kurɓa, don bayan ɗacin goro ruwa zaƙi yake yi. Ya juya ya yi magana, Mubina ta ce cewa ya yi, "Kai, mene ne wannan ka ba ni? Daga ina?"

Malam Datti ya gaishe shi a taƙaice, ya fara. Ya ce wannan ɗan abu mutanenmu suka yi ta tafiyar watanni a ƙasa dominsa. Ya kawo madugu da zango da fiton kogi. Ya ɗaga murfin kwalba ya ce ga jakinsa, aka yi dariya. Da ya zo kan sankara dattijon ya katse shi da wata tambayar, ya amsa, ya sake tambaya. Na duba agogon bango, minti sha huɗu ya yi yana magana. Wata mata a gaba ta ɗaga hannu ta ce ina za a buga. Siew Fong ta duba takardarta ta ce, "Boleh, boleh," wato za a iya, tebur na tara, ƙarfe biyu da rabi.

Muka je ɗakin salla muka yi azahar. Da muka dawo mutum shida sun zauna, wasu na tsaye a kansu. Mista Selvam ne madugu. Ya ƙi tsayawa a zango ko sau ɗaya, wai yana so ya riga damina. Malam Datti ya ce masa, "Baba, da an kwance huhu." Ya ce a'a, a ci gaba. Saura zango biyu su shiga Kano katin sankara ya fito, rabin kayan ya tafi. Dattijon ya buga tebur ya ce a sake daga farko. Ni dai ban taɓa ɗan lidon ba, kuma har yau ban taɓa ba.

A watan Agusta Malam Datti ya tafi. Kwali biyu ya yi kafin nan, ya bar ɗaya a kedai ɗin da ruwa ya fara kora shi, ya tafi da ɗaya. Ya shigo sallama ya durƙusa a bakin ƙofa, gaisuwar ta yi tsawo har mai motar da ya kira ya buga waya sau biyu. Goro uku da suka rage ya ba ni. Na ci biyu, na ukun sankara ta riga ni.