Sikelin Jikata a Accra

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwar Asawase ta Kumasi, ni da jikata da sikelin da ta ƙera na auna buhuna, wanda za ta nuna wa alƙalan wata gasa a Accra. Wanda ya yi nasara za a ɗauki nauyin karatunsa. Tun daga Konongo take tsokanata, wai angonta ya sa kwat kamar mai zuwa kotu. A Nkawkaw burodi ya ƙara kuɗi ya rage girma, hanya kuwa gyaranta bai ƙare ba.

A mota na karanta abin da ta rubuta da harshen da ake tsara da'irar lantarki da shi. Sikelin yana awo sau biyu, ya haɗa, ya raba biyu. Kowace lamba gurbi takwas ta ba ta, irin na sifili ko ɗaya da na'ura ke ƙirge da su, har da lambar amsar. Ƙa'idar harshen kuwa ita ce, faɗin lissafi ba ya wuce na lamba mafi faɗi a cikinsa. Gurbi takwas iyakarsa ɗari biyu da hamsin da biyar. Abin da ya haura sai ya zube, babu gargaɗi. Mu a makarantar mishan bulala muke sha kan ɗayan da aka manta ba a riƙe ba a lissafin tarawa. Na faɗa mata kuskuren, ta yi dariya, ta ce a bari sai mun dawo.

A zauren gasar, buhun masara ɗaya aka ɗora, awo ya fito daidai, alƙalai suka ɗauki alƙalami. Na miƙe na roƙi a ƙara na biyu, tunda a kasuwarmu bibbiyu ake ɗorawa. Nauyi ya kai kilo ɗari da talatin, sikeli ya nuna kilo biyu, don awo biyu a haɗe sun haura iyakar gurbi takwas. Aka tuntsire da dariya. Wani yaro aka ba kyautar, wanda ba a gwada nasa da komai ba.

Har muka iso Kumasi ba ta ci dokunu, wato tuwon masarar nan da na saya mata ba. Tafiyar ta nuna mini gurbi ɗaya tak sikelin ya rasa, kuma jikata ta ƙara shi kafin mu wuce Ejisu. Ban yi ƙarya ba, ba kuma zan so a cuci mai masara ba.

A ƙofar gida ta durƙusa ta ce, "A huta gajiya, Alhaji." Tun da ta fara magana ba ta taɓa kirana haka ba, sai dai "angona".