Sunan Ɗan Fari: Tafiyata Tsibiri Wajen Mushe Iliya

A da, mai zuwa Maraɗi daga Damagaram a bayan babbar mota yake zama, bisa buhunan gyaɗa, ya isa jikinsa duk ya yi tsami. Yanzu kar ce, wato bas mai sanyi, kowa da kujerarsa. Ita na shiga bayan sallar asuba, domin Mushe Iliya, wato Malam Iliya, abokina tun muna koyarwa a lakwal ɗaya, makarantar boko, ya aiko kirana. Wani saurayi mai suna Rabi'u ya mai da littafinsa fim, kuma ba za a fitar da shi ba sai Iliya ya yarda. To idanun Iliya sun daina gani, shi ya sa yake so in zo in gane masa.

Hanya

Jandarmomi sun duba takardunmu a Takeita, a Tasawa na sha shayi da burodi. Sauran hanyar na ci ta da sake karanta littafin. Labarin wata tsohuwa ne da ɗanta na fari ya ɓace a hanyar hamada. Bayan shekaru wani mutum ya zo ya ce shi ne. Daga farko har ƙarshe mai karatu yana cikin zuciyarta, tana lura da cin abincinsa da tarinsa, tana tsoronsa tana kuma sonsa. Ba ta taɓa kama sunansa ba, don uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Sai a shafin ƙarshe ta kira shi da suna gaban mutane. Nan mai karatu zai gane ta tabbata ba ɗanta ba ne, amma ta zaɓi ta riƙe shi.

Maraɗi

Da azahar muka sauka. Rabi'u ya tarye ni a tasha, muka hau kabu-kabu zuwa wani ɗan shago bayan kasuwa, ya kunna mini fim ɗin a ordinata, wato kwamfuta. Na kalli irin wannan aiki a Alƙahira da Abijan, da Larabci da Faransanci, matsalar kullum ɗaya ce: kyamara ba ta shiga zuciya. Yaron ya yi dabara. Inda littafi ya cika shafi uku da zargi, shi hannun tsohuwar kawai ya nuna, ta ɗauki ludayi ta ajiye ba ta sha ba. Ya ƙara wani mafarki mai wuƙa wanda bai yi mini ba. Amma abin da ya tayar mini da hankali, tun shigowar baƙon tsohuwar ta kira sunansa, ta kuma yi ta kira.

Na tambaye shi dalili. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ni ne na fari a gidanmu, kuma Rabi'u mamata take ce mini." Na ci dambun zogale na kwana gidan wani ɗalibina na da.

Tsibiri

Washegari Lahadi ce, ni da Rabi'u muka tafi Tsibiri, muka jira Iliya ya dawo daga majami'a, matarsa Saratu ta dama mana fura. Da ya ji muryata ya ce ashe har yanzu ban daina yawon duniya ba, na ce shi kuma bai daina sa mutane aiki kyauta ba. Aka kunna fim ɗin, yana saurare ina gaya masa abin da ke faruwa. Da sunan ya fito ya ɗaga hannu aka tsaya.

"Ɗana, ka cire wa littafin ƙashin baya. Ban yarda ba."

Rabi'u ya durƙusa ya yi bayani cewa sake ɗauka ba zai yiwu ba, wanda ya fito a baƙon ya tafi Aljeriya neman aiki. Ga shi duk abin da Rabi'u ya mallaka yana cikin wannan aiki. Na ce a bar hoto a sauya murya, tunda a wurare da dama tsohuwar ta juya baya ko ta sunkuya. Iliya ya ce sai ya ji da kunnensa.

Jiratawa

Wadda ta fito a tsohuwar, Hajiya Tabawa, manomiyar albasa ce a Jiratawa. Muka ɗauki Iliya a taksi muka same ta bakin magudanar ruwa. Aka roƙi maƙwabcinta ya kashe injin ban ruwa, muka shige ɗaki. Duk inda suna yake ta maye shi da "kai" ko "wannan yaron". Inda bakinta ya fito fili, Rabi'u ya ce zai yanke. Saura kiran sunan na ƙarshe. Iliya ya ce ta kira shi kamar baƙon da ta yi niyyar ciyarwa har ta mutu. Ta faɗi sunan a hankali.

Iliya ya ce, "Wannan muryar ba ta cikin littafina, ta fi abin da na rubuta. A fitar da fim ɗin." Mafarkin wuƙar ma ya bar masa, da Rabi'u ya roƙa cewa in babu shi samari za su yi barci.

Komawa

Na ƙara kwana biyu har aka gama gyara, aka nuna shi bayan magariba a tsakar gidan Iliya. Da sunan ya fito, Saratu da tsofaffin matan unguwa suka kama baki. Matasan suka yi ta waige suna tambayar me ya faru. Da na gaya wa Iliya, ya ce kada a ga laifin kowa, waɗanda ya rubuta wa littafin sun kusa ƙarewa.

Na iso Damagaram da la'asar lafiya, na gode wa Allah, na gode wa Saratu da furarta. Fim ya fita da yardar mai littafi. Amma daga yanzu duk wanda zai ba ɗansa wannan labari, a takarda ko a hoto, sai ya fara yi masa bayanin abin da iyayenmu mata suke jin kunyar faɗa.