Yatsuna Uku a Sallar La'asar

Ko zan manta komai na ƙuruciyata, ba zan manta wata sallar la'asar da na yi a Gashuwa ba, ranar da yatsuna uku suka kusa raba ni da matar aure.

Lokacin ina saurayi, ina aikin lodin gyaɗa da bandar kifi a tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Akawunmu wani Kirista ne mutumin Jos, yana da wani abin kiɗa da wani Bature malamin makaranta ya bar masa, wai shi banjo. Kamar molo yake, sai dai cikinsa faffaɗa ne kamar faranti, tsirkiyarsa biyar, duk na waya. Ba a kaɗa shi da ka. Faratan ƙarfe ake sa wa yatsu uku, babban yatsa ya taɓa, manuniya ta bi, na tsakiya ya rufe, a sake dawowa, har sautin ya riƙa gangarowa ba yankewa. Tun ranar da na fara jin sa na rasa sukuni, na liƙe wa akawu sai ya koya mini.

"Matsalarka tunani," in ji shi. "Ka yi ta yi a cinya, a kan buhu, a ko'ina, har yatsun su daina neman izininka."

Har yau ban yafe masa wannan shawara ba.

To, akwai yarinyar da nake mutuwar so, 'yar wani dattijo mai fataucin kifi a Gashuwa. Ita da kanta ta ja mini kunne: "Baba ya rantse ba zai ba makaɗi 'yarsa ba. In ya tambaye ka, kai ma'aikacin reluwe ne, shi ke nan."

Muka hau motar kaya ni da kawuna, muka tafi neman aure. Na durƙusa gaban mahaifinta, na sunkuyar da kai, na cusa hannuwa cikin riga kamar mutumin kirki. Komai na tafiya daidai har aka kira la'asar, tsohon ya jawo ni kusa da shi a sahu.

Aka zauna tahiya. Na ɗaga manuniya ina motsa ta yadda kowa ke yi, ashe sauran biyun sun zaci an fara. Babba, manuniya, na tsakiya, suka yi ta zuba a kan cinyata. Ni ban ma sani ba, hankalina na cikin gida wajen yarinyar, Allah ya yafe mini.

Da aka sallame, tsohon bai dubi fuskata ba, hannuna ya duba.

"Ɗana, mu dai yatsa ɗaya aka koya mana. Kai wane malami ne ya ba ka uku?"

Kawu ya kama tarin ƙarya. Ni kuwa na ce, "Jijiya ce, Baba."

"Jijiya? Ai ban ga ta yi kuskure ko sau ɗaya ba."

Ganin ba mafita, na faɗi gaskiya. Ya ja carbinsa, sannan ya ce in zaɓa, ko farantin Bature ko 'yarsa. Kafin ya rufe baki na zaɓa. Washegari na mayar wa akawu faratansa, ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

Banjo dai ban ƙara taɓa shi ba, amma su yatsun ba su san da wata rantsuwa ba. A kan tabarma, a bakin kwano, gaban baƙi, sai su kama aiki. Ita kuma, da ta zama matata, sai ta ɗauki mafici ta kwaɗe su, ta ce, "Malam, Baba na kallon ka." Har bayan rasuwar Baban haka take faɗa.

Bara waccan ta rasu. Yanzu yatsun na yin abin da suka ga dama, kuma wallahi maficin nan nake kewa fiye da banjo.

Abin da na koya shi ne, ka kula da abin da kake saba wa hannunka, don ranar da bakinka ya ɓoye, shi zai faɗa, kuma ba ya zaɓen wuri.