'Ya'yan Habbar a Bokitin Umma

Wata Alhamis a ƙarshen sanyi, shekarar da nake aji huɗu, Baba ya ɗauke ni a motar kifin da yake tuƙawa, daga gidanmu na unguwar Al-Oud a Riyadh zuwa gaɓar tekun gabas inda yake yin lodi. Ƙanwata Hajara tana kwance, ciwon sikila ya tashi, ga shi ba ta taɓa ganin teku ba. Da zan fita ta kama rigata ta ce, "Yaya, ka kawo mini wani abu mai rai."

A can wani tsohon masunci, abokin Baba, ya ja ni cikin ruwa iya gwiwa, inda ciyawa ta rufe yashi. Nan na ga 'ya'yan habbar, halittar nan mai hannuwa da yawa da ke fesa tawada, kowanne bai kai ɗan yatsana ba, jikinsu garau kamar gilashi. Tsohon ya ce ba ko'ina suke zama ba, sai inda ruwa ya fara ɗumi, gishirinsa ya daidaita, iska ba ta dama laka ba, kuma da zafi ya tsananta sai su gangara zurfi. Ban saurara sosai ba, rashin sauraro halina ne tun ina ƙarami. Na kamfato uku a bokitin wankin Umma.

Kafin mu iso Riyadh rabin ruwan ya zube. Na taɓa ji a makaranta cewa ruwan famfonmu daga wannan tekun ake turo shi, gishiri kawai aka cire. Sai na cika bokitin a famfo, na barbaɗa gishirin miya, ina ji da kaina. Kafin Hajara ta farka sun yi fari fat, sun kwanta a ƙasan bokitin ba motsi. Ta daɗe tana leƙawa, ba ta yi kuka ba. Ni na yi.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Waɗannan ba a kawo su, Sani, zuwa ake yi." Da Hajara ta samu sauƙi ya aro motar maƙwabci muka tafi gaɓar tekun gaba ɗaya. Ya ɗora ta a kafaɗa don kada sanyin ruwa ya tayar mata da ciwo, ta sunkuyo tana nuna su da yatsa tana dariya.

Yanzu ni ke tuƙa motar kifi. Masunta suna cewa zafi yana saurin shigowa, gine-gine sun cinye wani ɓangaren gaɓar, sai an nausa gaba kafin a ga 'ya'yan habbar. Amma ana ganinsu. Hajara tana da yara biyu, bana na yi alkawarin kai su. Ba zan tafi da bokiti ba.