Rabi Gaba, Kwata Baya

Duk unguwar Chamboli ta garin Kitwe, in haƙoran ramin noti suka cinye, gidan wata mata, Bana Nsofwa, ake nufa. Shagon nata ma ba shago ba ne, rumfar kwano ce bayan kicin: teburin ƙarfe, abin matse ƙarfe, sai akwatin katako da ta gada wurin babanta, tsohon makanikin ma'adinai. A ciki taf-taf ɗinta suke kwance, ƙarafan yanka haƙora a cikin rami, na inci gefe guda, na milimita gefe guda. Ko mijinta bai taɓa akwatin nan.

Ranar wata Laraba sai ga wani da ake kira Ba Mbewe, mai injin niƙa, ya turo kan injinsa a baro, yana gumi. Injin tun na zamanin Turawa ne, babu kayansa ko a Lusaka. In kan nan ya mutu, sana'arsa ta mutu.

Ta leƙa ramin notin da ya cinye sau ɗaya.

"Ba Mbewe, notin milimita ka ɗura wa ramin inci?"

"Ai ya shiga."

"Da ƙarfi ko jaki ya shiga kwalba. Cin ɓera ya gama da ƙwaƙwalwarku, ku mutanen gabas."

"Ji mai cin biri. Yi mini aiki, mata na can da masararsu, tuwon nshimar unguwa a wuyana yake."

Wasan ƙabilarta da tasa ke nan, tun kaka da kakanni. Ta faɗaɗa ramin, ta ɗiga man girki, ta kafa taf ta daidaita shi tsaye cak. Rabin juyi gaba, kwata baya don ɓarɓashin ya karye. Haka babanta ya koya mata, haka take yi shekara ashirin da shida. Wallahi kallonta kaɗai sai ya sa maka natsuwa.

Shi kuwa bai samu natsuwar ba. Tana shiga kicin sauke wake, ya kama hannun taf ɗin ya murɗa gaba, gaba, gaba.

Daga bakin murhu ta ji ƙarfen ya yi wani siririn kuka.

"Cire hannunka."

Ba ta ɗaga murya ba, amma ya saki kamar ya taɓa garwashi. In taf ya karye a cikin rami, ya fi abin huda tauri, ba mai fito da shi. Ta dafa hannun taf ɗin da yatsu biyu, ta ji ya cije. Ta ƙara mai. Ta jira. Ta lallaɓa shi baya kaɗan, gaba kaɗan, har ya saki. Da ya fito, ramukan jikinsa cike suke da ɓarɓashi.

Ta goge, ta ƙarasa da taf na biyu da na uku. Sabon notin da yatsa ta murɗa shi har ƙasa.

Kafin la'asar injin na ruri. Washegari ya aiko mata da kwanon gari, da saƙon wai soyayyun ɓeraye na mahaɗi na tafe. Ta ce a gaya masa ya riƙe ɓerayensa, hannunsa kawai take so ya koyi komawa baya.